Na Ara Wa Yayata Sunana, Na Kai Ta Hannun Likitan Bogi

Assalamu alaikum Edita, tare da duk masu karanta wannan fili. Ina roƙon a sakaya sunana, ba don ina tsoron a gane ni ba, sai don akwai yarinya a cikin labarin nan wadda ba ta yi laifin komai ba.

Shekaru huɗu da suka wuce ni malamar firamare ce a Talata Mafara, da mijina da 'ya'yanmu uku. Maigidan yana saro shinkafa da albasa daga fadamun Bakalori ya kai kasuwanni, ni kuma ina riƙe da aji biyar. A duk danginmu ni kaɗai ce na yi karatun boko har na samu takardar koyarwa, saboda haka duk abin da ya shafi takarda gidana ake kawo shi. In fom ne ni zan cike, in takardar asibiti ce ni zan karanta, in saƙo ya shigo waya da Turanci a ce a kai wa Malama. Na saba da wannan girman har na fara ganin babu wanda zai iya yi mini wayo da biro da takarda. A jakata kuma akwai katin inshorar lafiya na ma'aikata, mai hotona, wanda ake cirar wani abu daga albashina duk wata dominsa. Ya ƙunshi ni da maigida da yara. Ni da nake karanta wa kowa takardarsa, ban taɓa zama na karanta ƙa'idojin katin nan ba ko sau ɗaya.

Ina da yaya mace guda ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya, ta girme ni da shekara tara. Mahaifiyarmu ta rasu ina aji uku, Yaya ce ta ƙarasa rainona. Da man gyaɗa da ƙuli-ƙulin da take yi ta riƙe ni a makaranta, har bayan ta yi aure a wani ƙauye da ke bayan Gidan Goga ba ta fasa aiko mini ba. Haihuwa biyu ta yi, duka sun koma tun suna goye. Da 'yan bindiga suka matsa wa yankinsu, suka kashe mijinta a gona, sai ta bi ayarin mata suka gudo Maradun, aka zuba su a azuzuwan wata makaranta, mutum kan mutum. Ta yi wata biyar a can kafin ta yarda na ɗauko ta, wai ba ta son ta zauna gidan suruki. Da ta zo na ba ta ɗaki tare da ɗiyata ta tsakiya, mai shekara tara a lokacin. Yarinyar ta manne mata, Inna kaza Inna kaza, tabarma ɗaya, kwano ɗaya. Mutane kuwa in sun gan mu ni da Yaya sai su ce kamar an tsaga kara, bambancin kawai ita ta fi ni duhu saboda rana.

Da tari ta zo. Mun ɗauka sanyin kwanan ƙasa ne. Muka sayi maganin tari a kemis, muka yi na zazzaɓin sauro, muka yi na taifot, aka dafo mata sassaƙe. Tari bai tsaya ba, zazzaɓi ya riƙa zuwa mata duk yamma, tana tashi da safe rigarta jiƙe da zufa, zanin da take ɗaurawa ya fara zagaye ta har ya yi saura. Ran nan ina wanki na ga jini a gefen mayafinta inda take toshe baki. Na san abin da ake faɗi game da tarin fuka, wanda ake ce wa tibi. Abu biyu suka zo mini a rai, kuma duka biyun ba lafiyar Yaya ba ce a gaba. Na farko, na ɗauka babbar cuta sai babban likita, babban likita kuma sai kuɗi masu nauyi, ga shi kasuwar maigida ta ja baya tunda hanyoyi suka lalace da tare mutane. Na biyu, kunya. Na hango iyayen yara suna cewa akwai tibi gidan Malama, a janye yara daga ajinta.

A nan shaiɗan ya nuna mini katin. Na ce a raina, ai kuɗina ake cira, ni kuma lafiyata lau, ga Yaya mai kama da ni, mene ne laifi in ta shiga da sunana? Matsalar ita ce asibitin da nake da rajista a Mafara kowa ya san ni, rabin ma'aikatan 'ya'yansu sun bi ta ajina. Ina bukatar wurin da ba a san fuskata ba. Ana cikin haka sai wani saƙon murya ya riƙa yawo a zauren malamai na waya, wai ga ƙwararren likitan cututtuka masu yaɗuwa ya zo daga kudu, ya yi karatu a ƙasar waje, yana zama a Bakura kwana uku a mako, kuma yana karɓar katin inshora. Wannan jimlar ta ƙarshe ita kaɗai na ji. Ban tambayi wanda ya turo saƙon ko ya san shi ba, ban tambayi ofishin inshora ba. Na kira lambar, aka ce mu zo ranar Laraba.

Maigida ya ce mu fara kai ta asibitin gwamnati tukuna a ji abin da za su ce. Na ce masa layi kawai za mu sha a rubuto mana magani mu saya, kuma kafin la'asar duk Mafara ta ji. Ya bar mini, don ya saba harkar asibiti tawa ce. Yaya ita ta fi ba ni wahala. Ta ce tunda aka raɗa mata suna ba ta taɓa amsa na wani ba, kuma tana tsoron kada ta ci haram a kan gadon ciwo. Na zauna na yi mata bayani irin na aji, na ce haƙƙina ne, gumina ne, abin da yake nawa kuma nata ne. Daga ƙarshe ta ce, "In kin ce haka na, to haka na. Ke ad da karatu."

Wurin wani gida ne a bakin gari, an shafe shi da farin fenti, da allo babba a ƙofa. Ciki benci uku cike da mata da tsofaffi. Shi kuma mutum ne mai tsafta, da farar riga ta likitoci da tabarau da abin auna ƙirji a wuya, yana Hausa yana sirka ta da Turanci. Ya gaishe mu gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gida, ya tambayi hanya, ya yi wa Yaya jajen abin da ya samu ƙauyensu. A bangon bayansa akwai takardun shaida guda biyu cikin gilashi, an rataye su can sama, bisa wata doguwar kabad. Zan faɗi gaskiya a nan, domin saboda ita na ɗauki biro: na lura. Na ga an kai su inda ido ba zai iya karantawa ba, na kuma ga ɗaya kamar hoton takarda ce ba ta asali ba, wurin sunan ya fi sauran rubutun baƙi. Ni ce fa wadda in yaro ya goge sakamakonsa ya sake rubutawa nake ganewa daga nesa. Har na yunƙura zan miƙe in matsa kusa, sai ya ɗauki katin, ya dubi hoton, ya dubi Yaya, ya dubi ni, ya yi murmushi ya ce, "Malama, kwantar da hankalinki. Mu nan rai muke dubawa, ba hoto ba." Na koma na zauna. Ya gane, kuma ya nuna mini ya gane. Tun daga wannan lokacin bakina ya mutu a gabansa.

Bai ce ta kawo majina ba, bai tura mu hoton ƙirji ba. Ya soki yatsarta ya ɗebi jini, ya shiga wani ɗaki, bayan ɗan lokaci ya fito ya ambaci wani dogon suna da Turanci wanda ban taɓa ji ba. Ya ce ba tibi ba ce kai tsaye, 'yar'uwarta ce, kuma in aka bi ta da ƙarfi mako shida ya isa. Wallahi daɗi na ji, don abin da nake son ji ke nan. Sai ya ce inshora ta ɗauke ganin likita da gado, amma maganin daga waje yake zuwa, ba ya cikin jerin nasu, wannan sai mu biya. Ya riƙe katin, wai zai nemo lambar izini daga hukuma. Aka fara yi mata allura kullum, da ƙwayoyi da yake ƙirgowa cikin farar ambulan marar suna. Saboda zirga-zirga ta yi yawa, sai na riƙa barinta can kwana uku-uku, in je in ɗauko ta. Ta taɓa gaya mini, tana dariyar da ba ta kai ciki ba, cewa an kira sunana har sau uku tana zaune tana jiran mai sunan ta tashi.

Abin da ya ƙara rufe mini ido shi ne ta samu sauƙi. Cikin mako uku tari ya lafa, zazzaɓi ya ɗauke, ta fara cin tuwo da hannunta, har wata Talata ta ce a sayo mata gyaɗa a kasuwa ta yi mana ƙuli. Na shiga zauren malamai na yi ta yabonsa, na ce duk mai mara lafiya ya garzaya. Mutum biyu cikin abokan aikina suka kai 'yan'uwansu a kan maganata. Da mako shida ya cika ya ce ta warke, a tsayar da komai. Muka yi sadaka, na dubi maigida da irin kallon nan na ai na gaya maka.

Wata biyu ba su cika ba tari ya dawo, ya fi na da. Muka koma. Ya ce sanyi ta sake ɗauka, aka buɗe sabon zagaye. Wannan karon ƙwayoyin suna canza kala, wani makon a ce wata ta yanke sai an kawo, a ba ta rabi. Allura dai ba fashi. Yaya ta fara cewa kunnuwanta suna kuka kamar gyare ya shiga ciki, in ta miƙe ƙasa tana juya mata. Ya ce alamar magani yana aiki ke nan. Ran nan na yi ƙarfin hali, bayan mutane sun ragu, na ce Likita don Allah mene ne sunan allurar nan, kuma ko ba za a gwada majinarta ba? Ya cire tabarau ya ajiye a hankali. Ya ce ya yi mamaki, shi da yake rufa mini asiri. Ya ce in hukuma ta ji ma'aikaciya ta shigo da wata a kan katinta, ba kati kaɗai za a karɓe ba, har aiki yana iya tafiya, kuma shi da ya so da tuni ya rubuta musu. Bai ɗaga murya ba, har ya raka mu ƙofa yana sa albarka. Ban sake tambayarsa komai ba. Na zaɓi aikina, na ci gaba da kai masa Yaya har wata uku bayan wannan rana.

Wata safiya ɗiyata ta tsaya bayan Innarta tana kiranta ta karɓi koko, ta kira ta kira, Yaya ba ta juyo ba. Yarinyar ta zo ta ce mini Inna tana fushi da ita. Ba fushi ba ne. A makon nan Yaya ta ce mini in an kira salla in riƙa taɓa kafaɗarta, don ladanin unguwarmu ya daina kira da ƙarfi. Masallacin kuwa katanga ɗaya ce tsakaninmu. Da maigida ya ji haka bai yi shawara da ni ba. Ya samo mota, ya ce in ɗauko mayafina, asibitin gwamnati za mu. Har a cikin motar ina tunanin wa zai gan mu.

Wata ma'aikaciyar lafiya ta karɓe mu, uwar wani ɗalibina ce kuwa. Ba ta nuna ta san ni ba sai gaisuwa. Ta buɗe wa Yaya kati da sunanta na gaskiya, ta ba ta ɗan kwano ta ce ta tofa majina. Na matsa kusa na yi ƙasa da murya na ce nawa ne gwajin, don ba mu zo da katin inshora ba. Ta dube ni ta ce, "Malama, gwajin tibi da maganinta ai kyauta ne. Da kati da babu kati, kowa kyauta." Wata da watanni ina ƙarya, ina sa baiwar Allah tana amsa sunan da ba nata ba, ina sayar da 'yan kayan ɗakina, a kan abin da yake nan bayan gidana ba a karɓar ko sisi. Da sakamako ya fito aka ce tibi ce, kuma irin wadda ba ta jin maganin farko. Suka rubuta mana takarda zuwa wani babban asibiti a Sakkwato, wurin likitan da wannan ne fanninsa.

Shi wannan likitan ba shi da wani kwarjini na tufafi, dattijo ne mai ƙaramar murya, ga gajiya a fuskarsa. Ya ce in gaya masa duk abin da ta sha. Na zazzage masa ambulan ɗin da suka rage, da wata kwalbar allura da na taɓa tsinta a kwandon shara na ɓoye a jaka, abin da ya nuna tun can zuciyata ba ta kwanta ba. Ya juya kwalbar ya daɗe yana kallo. Sannan ya yi mini bayani dalla-dalla. Ya ce tibi magunguna ake haɗa mata a sha kullum aƙalla wata shida ba tsallake, in aka ba ta guntu-guntu aka tsaya, ƙwayar cutar takan saba da maganin ta daina jinsa. Ya ce ba zai rantse ba ko da mai taurin ta zo daga sansani ko a hannun mutumin nan ta yi taurin, amma watannin da aka ɓata sun cinye mata huhu, allurar nan kuma ita ta kashe jinta, kuma ba ya dawowa. Ya tambaye ni ko na ga lasisin mutumin. Na ce akwai takardu a bango. Ya ce bango ba ya ba da shaida. Kowane likita yana da lambar rajista a hukumar da ke kula da likitoci, yana kuma sabunta lasisinsa duk shekara, kowa yana da ikon ya tambaya ya bincika, kuma na gaskiya ba ya jin haushin tambayar. Ya jawo aljihun tebur ya fito da nasa ya miƙo mini, wai in duba. Na kasa karɓa. Daga ƙarshe ya ce duk wanda ke kwana gida ɗaya da ita a kawo shi a gwada.

Kafin sakamakon gidanmu ya fito na tafi ofishin inshora da ƙafata, na ce gara in faɗa da bakina a yi mini abin da za a yi. Jami'in da na samu ya saurare ni har na gama, ya buɗe jerin asibitocin da suke hulɗa da su ya juyo mini da shi. Babu wurin mutumin nan, bai taɓa kasancewa a ciki ba. Ya duba sunana, ba a taɓa neman ko ƙwaya ɗaya da katina ba. Wato ƙaryar da na yi ba ta saya wa Yaya komai ba, amfaninta ɗaya ta ba shi igiyar da ya ɗaure ni da ita. Jami'in ya ce jerin nan duk wanda ya tambaya ana nuna masa, kuma hanyar ganin ƙwararre ita ce asibitin da kake da rajista ya tura ka da takarda. Ya ce da na zo tun farko da sun nuna mini yadda zan yi wa Yaya rajista da sunanta. Ya yi mini faɗa sosai, ya ce in rubuta bayani, aka sake mini kati. Aikin da na sayar da jin Yaya don in tsare, babu wanda ya taɓa shi. Daga nan muka wuce Bakura ni da maigida. Gidan a kulle, an cire allon. Matar mai gidan ta ce ya kwashe kayansa kusan mako biyu, kuma sun ji daga baya wai yaron shagon magani ne a wata jiha kafin ya zo. Mun kai ƙara inda ya kamata, har yau ba mu ji an same shi ba.

Da sakamakon gwajinmu ya fito, ni da maigida da yara biyu muka fita lafiya. Ɗiyata ta tsakiya tana da tibi, irin ta Innarta, mai taurin. Kusan shekara suna shaƙar numfashin juna a ɗaki ɗaya, ni kuma na ce wa kowa ba tibi ba ce, 'yar'uwarta ce, don haka ko taga ban ce a riƙa buɗewa ba. Aka ɗora ta a kan magani mai tsawo. Tana sha tana amai, fatarta ta yi duhu, ƙafafunta suna mata zafi, ta bar makaranta.

Yaya tana kwance a Sakkwato, an fara mata maganin gaskiya, amma likita ya gaya mini a fili cewa abin da ya rage na huhunta kaɗan ne. Na ƙudura zan gaya mata komai in nemi gafararta: cewa na ga alamar takardar bogi na yi shiru, cewa ya tsorata ni na zaɓi albashina. To ta yaya? Ba ta ji, ba ta karanta boko. Na gwada ɗaga murya a bakin kunnenta, duk ɗakin suka juyo, ita kuwa sai murmushi take tana gyaɗa kai. Na gwada rubuta mata da ajami, nawa bai nuna ba, idonta kuma ya yi rauni, ta juya takardar ta sumbace ta ta sa ƙarƙashin matashi, ta ɗauka addu'a ce. Mun ɓoye mata zancen yarinyar. Amma wata rana da na kawo ta awo, Yaya ta hango ta ta taga, da ƙyalle a baki, tana riƙe da irin ledar maganin da ake ba ta. Da na shigo ta kama hannuna da ƙarfin da ban san tana da shi ba, ta ce da babbar murya irin ta wanda ba ya jin kansa, "Ni na ba ta?" Na girgiza kai, na nuna ƙirjina, ina cewa ni ce, ni ce. Ba ta gane ba, ta ɗauka ina nufin zuciyata ce ke ciwo. Ta fashe da kuka tana cewa in yafe mata, na ɗauko ta daga sansani na rufa mata asiri, na kashe dukiyata a kanta, ita kuma ta saka mini da cutar da ɗiyata. Kwana goma sha ɗaya ta ƙara a duniya, kuma duk zuwan da na yi maganar ke nan, in yafe mata. Haka ta tafi tana neman gafarata a kan laifin da yake nawa.

Maigida bai taɓa buɗe baki ya ce ke kika jawo ba. Da ya faɗa da na fi samun sauƙi. Sai dai yanzu in takarda ta zo masa, maƙwabci yake kai wa. Cikin abokan aikina biyu da suka bi maganata, ɗaya ƙanen mijinta ya rasu, tsakanina da ita yanzu gaisuwa ce kawai, ita ma a tsaye. Ɗiyata ta gama zagayen farko aka ce an ci ƙarfin cutar, bayan wasu watanni gwaji ya sake nuna ta, aka koma. Likita yana cewa kada mu yanke ƙauna, amma na koyi karanta fuskarsa. Ina zuwa aji, ina rubutu a allo, ina dawowa. Mutane suna ce mini ƙaddara ce, kwananta ne ya ƙare. Na yi imani da ƙaddara, amma na san abin da idona ya gani a bangon nan, na kuma san dalilin da ya sa na koma na zauna.

Abin da na fahimta, bayan ya zama ba shi da amfani a gare ni, shi ne mutumin nan ba da farar riga ya cuce ni ba, da ƙaryata ya cuce ni. Duk wanda ya shiga wurin likita yana ɓoye wani abu ya ba da bakinsa jingina. Don haka ina roƙonku, musamman 'yan'uwana ma'aikata da dangi suka dogara da karatunmu, kada ku ba kowa katinku komai kusancinku da shi, ku je ofis ku tambayi hanyar da za a yi masa nasa. In an ce muku wane ƙwararre ne, kada saƙon waya ya ishe ku, ko allo, ko yabon irina. Ku ce ya nuna lasisinsa a hannu, ku rubuta lambar ku bincika, in ya ɓata rai ku ɗauki mara lafiyarku ku fita. In ya ce yana karɓar inshora, ku ji daga bakin masu inshorar kafin a soka allurar farko. Kada ku sha maganin da ba a gaya muku sunansa ba. Tarin da ya wuce mako biyu kuma a kai shi asibitin gwamnati a gwada majina, ba a biyan komai, kuma surutun unguwa bai taɓa kashe kowa ba, ni shaida ce a kan abin da ke kashewa.

Ni nawa ya riga ya faru, babu gargaɗin da zai gyara shi. Jibi za mu koma Sakkwato a auna nauyin yarinyar. Watan jiya ba ta ƙaru ba, wancan ma haka. Ɗazu tana tsefe kai ta tambaye ni ko ita ma za ta daina ji kamar Inna, na ce mata a'a, maganinta daban ne. Ta ce, "Mama, kin tabbata? Kin karanta takardar?" Na ce na karanta. Ta dube ni ta ci gaba da tsifarta. Ku sa ta a addu'a, ku sa Yayata. Ni ban san da bakin da zan roƙa wa kaina ba.